Wutsiyar Jirgin Yakubu

Jibir ya sayi mataccen injin jirgin ruwa a hannun wata mata a Kafanchan, ana tsakiyar zafin bazara. Bai shawarci kowa ba. Ba halinsa ba ne.

Ƙafar matarsa Nene ce ta kai shi. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, daga baya ya sauka ƙafar hagu ya buɗe gyambo a tafi. Gyambon yana son wanki a asibiti duk mako. Asibiti yana Kafanchan, rugarsu kuwa tana ƙetaren gulbi, can bayan Kagoma. Da rani gulbin ba abin magana ba ne, mutum ya naɗe wando ya wuce. Da damina sai a jirgin Yakubu, kwalekwale ɗaya tak a duk mashigin. In marka ta kankama, ruwa ya yi ja ya soma ɗauko itatuwa da saiwarsu, Yakubu yakan ja jirginsa tudu ya kife shi. Yakan ce hannu da filafili ba sa jayayya da wannan. Mutanen ƙetare sai su zauna, sai ran da gulbi ya ga dama.

Bara haka aka yi. Nene ta yi makonni ba wanki. Da ruwa ya sauka aka kai ta, ƙafar tana wari, aka cire mata yatsu biyu. Likita bai ɓoye ba. Ya ce in aka maimaita bana, daga gwiwa za a yanke. Wata nas ta ce a bar ta a gari mana har damina ta wuce, ai ba a rasa ɗan'uwa. Jibir ya dube ta. Akwai ƙanen Nene a garin, yana sayar da takalma a kasuwa. Amma Jibir bai ga ranar da matarsa za ta yi wata da watanni tana cin tuwon wani ba, alhali yana raye.

Yana saurayi ya taɓa kora shanu har bakin Binuwai. A can ya ga jirgi mai inji a gindi yana yanka ruwan da ya fi nasu nesa ba kusa ba, matuƙin a zaune yana tauna goro. Wannan ne ya dawo masa a rai. Ya sayar da bijimi, ya shiga cigiya.

Mai injin sunanta Stella. Mijinta soja ne, ya yi aiki a ƙasar ruwa can kudu, ya dawo da injin da niyyar kamun kifi, mutuwa ta riga shi. Ta kai Jibir akurkin kaji ta nuna masa. Injin yana jingine da bango, kashin kaji ya rufe murfin.

"Baba, ni 'yar zumuntan mata ne a coci, ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce. "Tun da maigida ya kawo shi ban taɓa jin muryanshi ba. Kaji ne kawai suna ƙwai a bayanshi."

"Kayan cikinsa suna nan?"

"Ban buɗe ba. Abin da Allah ya sa a ciki, yana ciki."

Ya biya. Aka ɗora injin a keke napep zuwa rumfar Meshak a bayan layin dogo. Meshak makanike ne, yana gyaran babur da janareta da injin ban-ruwa, bakinsa ba ya hutawa. Ya zagaya injin yana riƙe da ƙugu.

"Baba, wannan ai na jirgi ne. Ka ga teku a Kafanchan?"

"Za ka iya, ko in wuce?"

"Inji inji ne. Mai, wuta, iska, shi ke nan." Ya kama igiyar tayarwa ya ja. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sa ƙafa ya dafe, ya sake ja. "Kai! Fistin ya kama. Wannan ya riga kakana mutuwa."

"Kafin marka nake so."

"Marka na wane shekara?"

Jibir bai yi dariya ba. Ya gaya masa zancen ƙafar a taƙaice, idonsa a kan injin. Meshak ya goge hannu a wando, ya ce to. Ya kwance fulogi, ya ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, ya ce sai a bar shi ya sha, tsatsa ba ta sakin ƙarfe don an yi mata tsawa.

Da Jibir ya koma gida ya faɗa wa Nene. Tana zaune a tabarma, ƙafar a miƙe a kan ƙwarya a kife.

"Wato bijimin nan ya zama ƙarfe," ta ce.

"Zai zama hanya."

"Allah ya sa, Malam. Shi dai bijimi ko ba komai yana tafiya da ƙafarsa."

Ruwan fari ya sauka. Manoma suka binne citta suka rufe ta da ciyawa. Duk ranar wanki Jibir yakan goya Nene ya tsallake da ita, ɗan acaɓa ya kai su titi, mota ta kai su gari. In ya ajiye ta a layin asibiti sai ya wuce rumfar Meshak ya tsaya. Ba ya zama. Meshak ya ɗora katako a kan fistin ya buga da guduma, a hankali, ya ƙara kananzir, ya ce mako mai zuwa. Ruwan mashigi yana idon sawu. Ya kai ƙwauri. Ran da ya taɓa gwiwa, Jibir ya iske igiya tana jawuwa, injin yana juyawa yana huci kamar tsoho a hawan dutse.

Saura wuta. Babu ita. Meshak ya ciro koyil mai ba da wuta daga wani tsohon babur ya yi masa dabara. Ya kwance kafireta, inda fetur ke gauraya da iska, ya same ta cike da wani abu mai danƙo kamar ƙaro, ya wanke ta da fetur, ya hura kowane rami da bakinsa. Sa'annan ruwa ya wuce goyo. Yakubu ya saukar da jirginsa, aka koma shiga layi a mashigi. Jibir bai ce masa komai ba a kan injin. So yake sai abin ya tashi ya kai masa a gama, kada a ce Jibir ya yi alkawarin iska.

Wata rana da hantsi injin ya yi tari. Meshak ya matse shi a bakin bencinsa, ya gauraya fetur da baƙin mai, ya ja, ya ja, sai ƙara ta ɓarke. Hayaƙi shuɗi ya cika rumfar. Farfela, fankar da ke tura ruwa, tana juyawa a iska. 'Yan acaɓa suka taru suna ihu, mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Meshak ya murɗa hannun mai, ƙarar ta ƙaru, yana rawa da kafaɗa.

"Li'azaru ya tashi daga kabari, Baba! Li'azaru ya fito!"

Jibir ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Bai daɗe ba. Hancinsa ya kama wari.

"Wani abu yana ƙonewa."

"Hayaƙin mai ne."

"Na san hayaƙin mai. Wannan roba ce."

Meshak ya taɓa kan injin, ya janye hannu da sauri, ya kashe. Ya zauna a kan taya ya ciro waya, ya daɗe yana kallon wani mutum yana kwance irin injin. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Baba, na yi kuskure. Wannan ba kamar babur ba ne, iska ba ya sanyaya shi. Ruwa yake sha ta ƙafa. Akwai wani roba mai fiffike a ƙasa, shi ke tura ruwan sama. In ka tayar da shi a tudu, roban yana cinyewa."

Ya kwance ƙafar injin. Robar ta fito baƙa, fikafikanta sun narke.

"Kai ka ce inji inji ne."

"Na ce."

"A ina ake samunta?"

"Ba a Kafanchan ba. Ba a Kaduna ba ma, ina ji. Sai Lokoja. Ina da direba da yake bin hanyan."

Jibir ya tsaya yana dubansa. Maganganu da yawa sun zo masa baki. Ya haɗiye su, don in ya zage shi ba wani Meshak a garin. Ya ce kawai, "Ruwa ya kai cinya." Ya tafi.

Jiran robar nan ya fi duk abin da ya wuce wuya. Direba ya kawo wata, ta yi girma, aka mayar. Kowace safiya Jibir yakan bar shanu ga 'ya'yansa ya sauka mashigi ya duba wani dutse da ke tsakiyar ruwa. Muddin kansa yana waje, Yakubu zai tuƙa. Dutsen yana ta ƙanƙancewa. Hadari yakan haɗu a gabas, ya tsaya yana kallonsa. Shi da ya yi rayuwarsa yana roƙon ruwa saboda ciyawa, ga shi yana harararsa. Gyambon kuwa yana kyau. Nas ta ce nama ja ya soma fitowa, kada a kuskura a tsallake ko sau ɗaya. Wannan ma bai sanyaya masa rai ba. Abin da ya soma warkewa shi ne ake jin ciwon asararsa.

Da robar daidai ta iso, Meshak ya cika durom da ruwa, ya matse injin a bakinsa, ƙafar a nutse. Ya tayar. Ya durƙusa yana leƙen wani ɗan rami a ƙarƙashin murfi.

"Me kake nema?"

"Fitsari. Ya kamata ya yi fitsari ta nan. Bai yi ba."

Ya kashe da sauri. Ya zura siririyar waya a ramin, ya tsokala. Busasshen laka ya zubo, da matacciyar tsutsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki tun zamanin akurki. Ya sake tayarwa. Ramin ya tofa laka, ya tofa, sai ruwa ya fito siriri, ya yi baka, ya sauka a kan takalmin Jibir.

"Yoyo yake," in ji Jibir. "Toshe."

"Ba yoyo ba ne, Baba. Lafiya ne. Saniyanka in ya daina fitsari, murna kake yi?"

Jibir ya ja ƙafarsa. Ya sa tafin hannu a kan injin, ya bar shi nan. Ɗumi ne kawai, kamar jikin dabba. Injin ya yi ta aiki har ruwan durom ya yi zafi, bai mutu ba.

Washegari suka ɗaure shi a bayan babur ɗin Meshak suka nufi mashigi, Jibir a wani acaɓa yana biye. An kwana ana ruwa. Hanya ta yi taɓo, sau da yawa sai sun sauka sun tura. Jibir ya riga ya bar saƙo a gida cewa a kawo Nene bakin gulbi ta gani da idonta. Da suka iso ya hango ta can ƙetare, a gindin ɗorawa, farin ƙyallen ƙafarta yana haske. Gulbin ya yi ja. Dutsen tsakiya saura ɗan kansa, ruwa yana tsalle a kai.

Yakubu yana bakin gaɓa yana kwalfe ruwa daga jirgi da rabin galan. Tsoho ne, sa'an Jibir, gajere mai faɗin kafaɗa. Sun san juna tun gashinsu yana baƙi.

"Ɗan Fulani, yau kuma me ka ɗauko? Injin niƙa za ka kai wa shanu?"

"Na jirginka ne. Daga yau ba ka kife shi."

Yakubu ya ajiye galan. Ya zo ya dubi injin sama da ƙasa, ya taɓa farfela da yatsa.

"A ina zai zauna?" ya ce.

Meshak ya rungumi injin ya shiga ruwa har gwiwa, ya zagaya bayan jirgin. Nan ya tsaya. Injin yana da muƙamuƙi biyu masu kusoshin murɗawa, waɗanda suke cizon katako miƙaƙƙe, kamar bakin benci ko bakin durom. Jirgin Yakubu kuwa gungume ɗaya ne na maɗaci aka fafe. Gaba tsini, baya tsini. Wutsiyar ta fita siririya ta ɗan lanƙwasa sama. Ba inda muƙamuƙi zai kama.

Jibir ya dubi wutsiyar. Shekara da shekaru yana shiga jirgin nan, kullum fuskarsa tana gaba, hannunsa a kan sandarsa, yana jiran a kai gaɓa. Bai taɓa juyawa ya ga yadda bayansa yake ba.

"Ku ɗaura a gefe," ya ce.

Meshak ya samo guntun katako a rumfar masu jira, ya gicciya shi a kan jirgin, ya ɗaure da igiyar roba ta babur, ya matse injin a bakin da ya fito waje. Tun kafin a tayar jirgin ya karkata. Yakubu ya yarda a gwada a ɗan lungun da ruwa ba ya gudu, amma sai da ya ɗaura doguwar igiya a hancin jirgin ya ba Jibir ya riƙe. Yakubu ya zauna a ɗaya gefen don ya daidaita nauyi. Meshak ya shiga yana rarrafe.

"Ban iya iyo ba fa. In na faɗa, ku gaya wa matata Martha janaretan fasto yana ƙarƙashin benci."

Ya ja igiyar tayarwa. Injin ya tashi. Ya sa giya. Jirgin ya zabura, bai tafi gaba ba, sai ya juya a kansa kamar kare mai bin jelarsa. Gefen injin ya nutse, jan ruwa ya kwararo ciki. Katakon ya zame.

"Yesu! Yesu!"

"Kashe!" in ji Yakubu. "Kashe shi, ɗan banza!"

Igiya ta ƙone tafin Jibir. Ya kafa dugadugai a laka ya ja, mutanen da ke jiran fito suka kama masa. Aka fito da jirgin rabi cike da ruwa, Meshak a kwance a kan injin ya ƙanƙame shi. Can ƙetare Nene ta miƙe tsaye da sanda. Jibir ya ɗaga mata hannu ta zauna. Ba ta zauna ba.

Da numfashin Meshak ya dawo, ya je ya auna wutsiyar da tafin hannu.

"Hanya ɗaya ne. A yanke nan, kamar kamu ɗaya, inda ya yi faɗi. A buga katako mai kauri, a cike da kwalta. Injin ya zauna a tsakiya. Akwai zarto a Kagoma, kafin la'asar na gama."

"A sassaƙa wani jirgin fa?" in ji Jibir.

"Kafin a sami itace, a sami mai yi, an ci Kirsimeti," in ji Meshak.

Jibir ya juya ga Yakubu. Yakubu ya koma kwalfar ruwa, kamar ba da shi ake ba.

"Ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Shi ne kuma ya ce a ɗaura a gefe?"

"Ni na ce."

"To." Ya zubar da galan. "Jibir, itace ɗaya ne wannan. Ƙarfinsa a bakin nan biyu yake. Ka buɗe wutsiya, tsaga ta bi jijiya har ciki. Ba yau ba, wataƙila ba gobe ba. Ran da na ɗauko mata da buhunan citta a tsakiyar ruwa, ran nan. Wanda ya fafe shi ya mutu. Irin maɗacin nan ka nuna mini ɗaya da ya rage a dajin nan."

"In ya tsage na biya."

"Ka biya wa? Waɗanda ke ciki?" Ya nuna gulbin da haɓa. "Yau zan iya. Yanzu ma, in ka ce, in je in ɗauko ta, ka kai ta gidan ƙanenta. Gobe ban yi maka alkawari ba. Dubi gabas."

Jibir bai duba ba. Ya riga ya ji iskar a wuyansa, mai sanyi, mai ƙanshin ruwa. Mutane suna kallonsu. Ya dubi injin a kan ciyawa, ruwa yana ɗiga daga ƙafarsa. Lafiyarsa lau. Ja ɗaya yake tashi.

"Karsana," ya ce. "Ka shiga garke ka zaɓa da kanka."

Yakubu ya ci gaba da kwalfa.

"Biyu."

Yakubu ya sake cika galan ya zubar.

Jibir bai taɓa roƙon mutum ba tun da uwarsa ta yaye shi. Ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya tattara rigarsa, ya tsuguna a cikin laka a gaban Yakubu, a gaban 'yan acaɓa da matan kasuwa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Meshak ya kau da kai.

"Yakubu. Kamu ɗaya na itace. Ƙafar mutum ce a can."

Yakubu ya daina kwalfa. Ya dubi ƙetare, ya daɗe. Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin injin, wani ya biyo. Ya ɗora hannu a kan wutsiyar jirgin.

"Tashi, Jibir, laka ne," ya ce. "Ko garkenka duka ka koro mini nan, ba a sa wa jirgin nan zarto."